Yellowknife: Garin Da Gwanin Matuƙi Kan Koma Ɗan Koyo

Can a arewacin ƙasar Kanada, a bakin wani makeken tafki da ake kira Great Slave, akwai gari mai suna Yellowknife. Mutanensa ba su wuce dubu 20 da 'yan kai ba, amma shi ne hedkwatar Yankin Arewa Maso Yamma, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 300. Watau yankin ya ɗara Nijeriya girma, alhali kuwa ƙidayar shekarar 2021 ta nuna mutum 41,070 kacal ke zaune a cikinsa. Garuruwa da ƙauyukan yankin 33 ne, kuma da dama daga cikinsu babu hanyar mota mai kaiwa gare su, sai fa in sanyi ya yi tsanani aka shimfiɗa hanya a bisa ƙanƙara. Saboda haka jirgin sama shi ne motar haya a wannan ƙasa, shi ne motar asibiti, shi ne kuma jakin dakon gari da sukari da man fetur. In ya kwana biyu bai sauka a ƙauye ba, kanti yakan soma yin fayau, mara lafiya kuma sai ya yi ta jira.

Wannan shi ya sa sunan garin ya yi tambari a wurin matuƙa jirgin sama na duniya. Daga cikin masu zuwa neman aiki akwai samari sababbin fitowa daga makaranta, akwai kuma dattawa waɗanda suka yi shekara goma sha biyar ko ashirin suna tuƙa manyan jirage a Turai ko Asiya ko Afirka, suka shigo Kanada da takardar iznin aiki ta wucin gadi. A ido sai a ce dattijon ya fi yaron sa'a nesa ba kusa ba. Amma abin da yake faruwa a ƙasa yakan saɓa wa wannan zato, kuma dalilan suna cikin garin kansa da dokokin ƙasar.

Daga Filin Jirgi Zuwa Tsohon Gari

Baƙon da ya sauka, tun bai yi nisa da filin jirgin sama ba, zai ga wani tsohon jirgi samfurin Bristol Freighter an ɗora shi a kan ginshiƙi a gefen hanya. Na kamfanin Wardair ne, wanda Max Ward ya kafa a nan garin a shekarar 1953 da ƙaramin jirgi guda ɗaya samfurin Otter. Wannan jirgi da aka kafe shi ne mai taya na farko da ya taɓa sauka a ƙuryar arewa ta duniya, a shekarar 1967. Daga nan hanya ta bi ta tsakiyar gari, inda ofisoshin gwamnati suke, kana ta gangara zuwa Tsohon Gari, wanda ya miƙe cikin ruwa kamar harshe.

A tsakiyar Tsohon Gari akwai wani dutse mai tsawo, an yi masa matakala ta katako har ƙoli. A bisansa aka kafa dutsen tunawa da matuƙan daji, watau mutanen da suka buɗe arewa da ƙananan jirage tun babu taswira mai kyau, da yawansu kuma a nan suka rasa rayukansu. Wanda ya hau zai hangi gidajen da aka gina a kan ruwa suna shawagi kusa da tsibirin Jolliffe, zai hangi unguwar Ndilo ta mutanen Dene a ƙarshen tsibirin Latham, sa'an nan ga jirage a ɗaure a bakin gaɓa kamar kwalekwalen masunta. Waɗannan jirage ba su da taya. Wasu dogayen tuluna biyu masu siffar kwalekwale aka ɗaura musu a ƙasa, a kan ruwa suke tashi, a kan ruwa suke sauka. A ƙolin dutsen akwai fitila mai walƙiya, wadda ke gargaɗin masu jiragen ruwa cewa ga jirgin sama nan zai tashi ko zai sauka, su ba shi wuri.

Zinariya ce ta haifi garin. An gano ta a bakin wannan ruwa a 1934, ma'adinin Con ya soma fitar da ita a 1938, Giant kuma ya biyo baya a 1948. Mutanen Tlicho suna kiran wurin Somba K'e, ma'ana wurin kuɗi. Sunan Yellowknife kuwa daga wata al'ummar Dene aka samo shi, waɗanda ke ƙera wuƙaƙensu da jan ƙarfe. An mai da garin hedkwata a 1967. Da zinariya ta ja baya, aka rufe Con a 2003 da Giant a 2004, sai daimon ya maye gurbinta. An gano shi a 1991 a wajen tafkin Lac de Gras, kimanin kilomita 300 arewa maso gabas, aka buɗe ma'adinin Ekati a 1998, Diavik a 2003, Gahcho Kue a 2016. Manyan motoci suna kai musu mai da siminti ta wata hanyar ƙanƙara wadda ba ta wuce wata biyu tana aiki a shekara, wajen Fabrairu da Maris. Sauran watanni goma kuwa ma'aikata da abinci da kayan gyara duk ta sama ake kai su. To, amma ma'adini yana da iyakar kwanansa. An tsayar da 2026 a matsayin shekarar ƙarshe ta haƙa a Diavik, kuma duk ramin da aka rufe yakan tafi da wani kaso na aikin matuƙa.

Ƙofa Ta Farko: Iznin Aiki

Takardar iznin aiki ta wucin gadi iri biyu ce a Kanada. Akwai wadda aka ɗaure da kamfani guda, an rubuta sunansa a kanta, mai ita ba shi da ikon yi wa wani aiki. Kafin a ba da irin wannan, galibi sai kamfanin ya nemi shaida daga ma'aikatar ayyuka ta tarayya, wadda ake kira LMIA a taƙaice, cewa ya nemi ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin bai samu ba. Sai ya yi tallar aikin aƙalla mako huɗu, ya biya dala 1,000 ta Kanada a kan kowane gurbi, kana ya jira amsa. Ƙaramin kamfani mai jirage biyar ko shida, wanda samarin ƙasa ke ƙwanƙwasa masa ƙofa kowane mako, da wuya ya ɗauki wannan wahala saboda baƙo. Nan ne mai nema yake shiga tsaka mai wuya: kamfani ya ce ya zo da izni tukuna, hukuma kuma ta ce ya zo da takardar ɗaukar aiki tukuna.

Iri na biyu ita ce buɗaɗɗiya, wadda mai ita zai yi aiki inda ya samu. Ana ba da ita ga matasan ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya da Kanada, masu shekara 18 zuwa 30 ko 35, da wasu ɗaliban da suka gama karatu a can, da kuma mazaje ko matan wasu ma'aikata da ɗalibai. Yawancin ƙwararrun matuƙa sun wuce shekarun matasa, saboda haka ta hanyar aure sukan samu, watau matar ta sami aiki ko gurbin karatu, mijin ya biyo ta. Ko wannan ƙofa ma an rage faɗinta. A 2024 gwamnatin Kanada ta ba da sanarwar rage yawan mazauna na wucin gadi, a Janairun 2025 kuma ta tsaurara sharuɗɗan ba ma'aurata buɗaɗɗen izni.

Ko da mutum ya sami takardar, ranar ƙarewarta tana rubuce a fuskarta, kuma ita mai kamfani yake fara dubawa. Kowane samfurin jirgi yana da horonsa da jarrabawarsa, kamfani ne kuma ke biya, ga albashin makonnin da mutum bai soma kawo ko kwabo ba. In saura wata goma sha takwas izni ya ƙare, wata uku zuwa huɗu kuma za su tafi wajen horo, mai kamfani zai lissafa ya ga ba lalle ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba. Manyan kamfanonin fasinja na kudu, a Toronto da Montreal da Calgary, galibi tun a tallar aiki suke faɗa cewa ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin suke so. Ƙungiyoyin matuƙa kuma ba sa barci a kan wannan batu. An sha yin ja-in-ja a shekarun 2010 a kan kamfanonin yawon shaƙatawa masu kawo matuƙa daga Turai su yi aikin watannin sanyi su koma, alhali akwai 'yan ƙasa a zaune.

Ƙofa Ta Biyu: Lasin

Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wadda yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta haifa, a Montreal hedkwatarta take. Ita ce ta tsara mizanin da ƙasashe ke bi, amma kowace ƙasa ita ke ba da lasinta. Jirgin da aka yi wa rajista a Kanada sai mai lasin Kanada ke tuƙa shi a aikin haya na yau da kullum. Akwai takardar amincewa da lasin waje, sai dai ba ta wuce shekara guda, kuma don wasu ayyuka ƙayyadaddu ake ba da ita. Wanda ya zo neman zama dole ya juya lasinsa.

Ma'aikatar sufuri tana ƙidaya awoyin da mutum ya yi a waje, in dai littafin awoyinsa ya tabbata. Awa 200 ake nema don lasin aikin haya, awa 1,500 don babban lasin da kyaftin na jirgin fasinja ke riƙewa. Amma duk yawan awoyinsa sai likitan da ma'aikatar ta amince da shi ya duba shi, sai ya zauna jarrabawar rubutu a kan dokokin sama na Kanada da yanayi da sarrafa jirgi, sai kuma ya yi gwajin tuƙi a gaban mai jarrabawa. Masu lasin Amurka ne kawai aka sassauta wa, saboda yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu. Bugu da ƙari, katin shiga wuraren da aka killace a filin jirgi yana bukatar a binciki inda mutum ya zauna da abin da ya yi cikin shekara biyar da suka wuce. Ga wanda ya yi yawon aiki a ƙasashe uku ko huɗu, tattara takardun 'yan sanda na kowace ƙasa kaɗai yakan ci watanni. Duk wannan lokaci kwanakin izni suna ta zuba, kuɗin haya a Yellowknife kuwa yana cikin mafi tsada a ƙasar.

Ƙofa Ta Uku: Ita Kanta Arewa

A ɗauka mutum ya wuce ƙofofin nan biyu, ya zo da awa 8,000 a littafinsa. Babban matuƙin kamfani zai buɗe littafin ya tambaye shi nawa ne a cikinsu ya yi a kan ruwa, nawa a kan dusar ƙanƙara, nawa a titin tsakuwa. Sau da yawa amsar ita ce ko ɗaya. Wanda ya saba da jet yana da hasumiya mai yi masa jagora, da ma'aikata masu lissafa masa mai da nauyi, da titi mai kwalta da fitilu. A nan kuwa matuƙin Beaver ko Caravan shi kaɗai yake cikin jirginsa, shi zai loda kaya ya ɗaure, shi zai dubi tafkin da ba wanda ya taɓa sauka a kansa ya yanke hukunci ko akwai dutse a ƙarƙashin ruwa.

Haɗurran ƙasar ma nata ne na kanta. In iska ta kwanta, ruwa yakan yi lumui kamar madubi, har ido ya kasa gane nisan da ke tsakanin jirgi da ruwa. Sai matuƙi ya daina dogara da idonsa, ya riƙa sauka a hankali bisa ma'auni har ya ji ya taɓa. Da sanyi kuma akwai ranar da gajimare da dusar ƙanƙara ke haɗewa su zama fari ɗaya, ba a sanin inda ƙasa ta ƙare sama ta soma. In aka ƙara nausawa arewa, allurar kamfas takan rikice saboda kusanci da cibiyar maganaɗisun duniya, sai a koma wata hanyar gane alƙibla. A watan Janairu ma'auni yakan sauka digiri 30 ko 40 ƙasa da sifiri, rana ba ta daɗewa a sama, inji kuma sai an lulluɓe shi da bargo an ɗumama shi kafin ya tashi. A watan Yuni kuwa hasken rana yakan kai awa 20, aiki ba ya yankewa, gajiya ce abokiyar gaba. Doka ta ce horon awa 7 ya isa a rubuta wa mutum iznin sauka a ruwa, amma kamfanin inshora da mai jirgi suna neman ninkin wannan sau da yawa kafin su damƙa masa jirgi da rayukan fasinja.

Wannan ne tushen wata al'ada da ta daɗe a arewacin Kanada, ta fara aiki daga ƙasa. Sabon zuwa yakan yi watanni yana dakon kaya, yana mirgina duron mai, yana share dusar ƙanƙara daga fukafukai, yana kama igiyar jirgi a bakin gaɓa, kafin a ba shi kujerar mataimaki. Kamfanin Buffalo Airways na Joe McBryan, wanda aka kafa a 1970, ya yi suna da tsofaffin jiragensa na zamanin yaƙin duniya na biyu irin su DC-3 da C-46, kuma shirin talabijin da aka yi a kansa daga 2009 zuwa 2014 ya nuna wa duniya wannan rayuwa. Masu kamfanoni suna ganin a wurin dako ake gane mai haƙuri da mai ganganci, a nan kuma mutum ke koyon jirgi da iska da sunayen tafkuna. A shekarun da matuƙa suka yi ƙaranci jiran yakan gajarta, in kasuwa ta faɗi kuma ya tsawaita. Yaro ɗan shekara 22 ba ya jin komai don an ce ya ɗauki kaya. Dattijo mai iyali, wanda jiya ake kiransa kyaftin, abin yakan yi masa nauyi, shi ma mai kamfani yakan yi shakkar ɗaukarsa don tsoron kada ya tsere ranar da ya sami abin da ya fi. Ba banza ba Hausawa suka ce baƙo ko da ido makaho ne.

Ko a manyan kamfanoni ma ba a tsallake layi. Ranar da aka ɗauki mutum ita ke ba shi lamba, lambar kuma ita ke yanke kujerar da zai zauna da jirgin da zai tuƙa da lokacin hutunsa. Wanda ya yi shekara ashirin yana kyaftin a wata ƙasa daga ƙasan jeri zai soma, da albashin sabon mataimaki. Kamfanonin ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha da wasu na Asiya sun sha bamban a nan, domin sukan ɗauki kyaftin a matsayinsa, su kuma nema masa takardar zama da kansu. Wanda kuɗi da muƙami ne gabansa can ya fi dacewa da shi. Masu zaɓen Kanada galibi zaman dindindin suke hange da makomar 'ya'yansu, wannan kuwa sai an saye shi da shekaru na komawa baya.

Inda Gwaninta Ke Da Kasuwa

Duk da haka ba a ce ƙwarewa ba ta da amfani ba. Kamfanonin Yellowknife, irin su Air Tindi da aka kafa a 1988, suna da jirage masu inji biyu ko huɗu da matuƙa biyu, masu ɗaukar marasa lafiya cikin dare zuwa Edmonton ko kai ma'aikata wuraren haƙar ma'adinai. Masu ba da irin wannan kwangila sukan gindaya yawan awoyin da kyaftin zai mallaka, samarin ƙasa kuma da zarar sun tara awoyi sai su yi kudu, inda manyan jirage suke. Giɓin da suka bari shi ne rabon baƙo. Wanda ya yi aiki da Twin Otter ko King Air ko Caravan a duwatsun Nepal, ko tsibiran Maldives inda ake sauka a ruwa, ko filayen ƙasa na Sudan ta Kudu da Kwango, hannunsa ya fi kusa da abin da ake nema fiye da na wanda bai san komai ba sai jet. Haka nan malamin tuƙi da mai jarraba matuƙa ba sa rasa mai so.

Garin ya ga ranar matuƙa a watan Agustan 2023, lokacin da wutar daji ta doso shi. Ran 16 ga wata aka ba da umarni kowa ya fita. Masu mota suka bi hanya ɗaya tilo da ta yi kudu, wadda ke haye kogin Mackenzie ta gadar Deh Cho da aka buɗe a 2012, tafiyar kusan kilomita 1,500 zuwa Edmonton. Dubban da ba su da mota, da tsofaffi, da marasa lafiya na asibiti, jirage ne suka kwashe su cikin hayaƙi, wasu jiragen kuma suna ɗebo ruwa daga tafki suna zuba wa wuta. Sai ran 6 ga Satumba aka yarda mutane su koma gidajensu.

Waɗanda suka bi wannan hanya suka ci nasara kusan tsari ɗaya suka bi. Sun yi karatun jarrabawa da tattara takardun 'yan sanda tun suna gida, suka gama juya lasin a watannin farko na izninsu, domin kada su je gaban mai kamfani da alkawarin za su yi. Sun zo da guzurin wata shida ko fiye. Sun lura da kalandar ƙasar, domin ƙanƙarar tafki tana narkewa wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, aikin ruwa ya ci gaba har farkon Oktoba, masu kamfani kuwa tun kafin narkewar suke cike gurabensu. Sun zo da ƙafarsu sun gaisa da manyan matuƙa, don a ƙaramin gari irin wannan fuska ta fi wasiƙa, kuma da ɗan gari akan ci gari. Sun kuma shigar da takardar neman zaman dindindin da wuri, ko ta tsarin tarayya da aka soma a 2015, ko ta shirin da gwamnatin yankin ke zaɓen ma'aikatan da take bukata, domin mai kamfani ya ga alamar ba baƙin kwana biyu ba ne. Wanda ya yi sakaci da ɗaya daga cikin waɗannan yakan wayi gari izni ya ƙare, guzuri ya ƙare, ga shi ya yi shekara bai taɓa sitiyarin jirgi ba, har kamfanin da ya baro a gida ma sai ya sake yi masa horo kafin ya karɓe shi.

Mai niyyar wannan tafiya ya kamata ya zauna da iyalinsa su yi lissafi tun kafin ya ajiye aikin da ke hannunsa: wata nawa ne a takardar, wata nawa lasin zai ci, kuma shekara nawa zai iya jure zaman mataimaki a ƙarƙashin wanda ya haifa. In lissafin ya fita, Yellowknife gari ne da ke girmama mai aiki, kuma ƙauyuka irin su Gameti da Wekweeti da Lutselk'e kullum suna jiran jirgin da zai kawo musu likita da wasiƙa da abinci.